Lam Ukun da Na Wanke

Ku aje wayoyin nan tukuna. Kai mai sabuwar farar riga, jawo benci kusa. An ce mini jiya ɗayanku ya ce aikin labo, ɗakin gwajin nan namu, ba wani abu ba ne, ɗigon jini ne a kan ɗan roba, a jira layi ɗaya ko biyu, a rubuta. Na so in ce muku dariya na yi, amma ƙarya ce, haushi na ji. Shekara talatin da ɗoriya ina duƙe kan madubin duba ƙwayoyin cutan nan har wuyana ya ƙage, wata mai zuwa zan aje aiki, sai yaron da bai iya wanke lam ba ya ce ba wani abu ba ne! To ku zauna. Akwai saƙon da anka ba ni in isar muku, amma sai kun ji yadda ya zo hannuna.

Aikina na farko a ɗakin nan wanki ne. Baba Nomau, wanda ya koya mini sana'a, ya miƙo mini roba cike da lam, ƴan gilasan nan da ake shafa jini a kai, ya ce, "Abarshi, ga lakkol ɗinka." Ni kuwa ina fama da takardar makarantar da na zo da ita daga Yamai, ina jin kaina. Wata uku cur ban taɓa madubi ba. A jiƙa su cikin ruwan sabulu su kwana, a cuɗe ɗaya bayan ɗaya, a ɗauraye sau uku, a goge da tsohon zanen da ya daina zubar da zare. Sai ya ɗauki guda ta gefe, ya ɗaga ta wajen taga. In ya ga ko inuwar yatsa, robar duka ke komawa ruwa. Ba ya faɗa, ba ya zagi. "Sake," kawai yake cewa. Na tsani kalmar nan a lokacin, yau kuwa da zan ji ta daga bakinsa sau ɗaya, da na ji daɗi.

Madubinmu na wancan zamani ba ya cin wuta. Ga shi can kan kanta, baƙin nan da kuke aza kwalin safar hannu a kai. Wani ɗan gilashi gare shi a ƙasa, kana juya shi ya kamo hasken rana ya cilla shi cikin lam. Saboda haka da rana muke aiki tare. Da safe teburi na tagar gabas, bayan azahar mu ɗauke shi ni da Baba Nomau zuwa ta yamma. In hadari ya taso, sai mu tsaya mu yi hira har ya wuce. Kalar da muke rina lam da ita, Jimsa, ba ta son ruwan rijiyarmu, sai ta juye shuɗi kamar an tsoma cikin baba. Don haka ruwan sama muke tara, ba na farkon damina mai ƙura ba, na tsakiya, mu tace shi mu ɓoye cikin kwalabe a ƙarƙashin teburi. Kowane ɗigo da lissafinsa. Ku yanzu famfo kuke buɗewa kuna waya.

Mutanenmu kuwa, Allah ya bar mu da su. Ka ba dattijo gwangwani ka ce ya kawo bayan gida kaɗan, sai ga shi da kwano rufe da faifai. Matan wajen Kieshe su zo kan amalanke tun da sanyin safiya, yara na zazzaɓi a cinya, su ce mini, "Ɗan madubi, duba mana da kyau, kar ka duba da ido guda." Na ce musu ai da ido guda ake dubawa. Su ce shi ya sa ba ka ganin komi! Ƴan kasuwar Dogon Dutsi su kuma sun riga sun san cutarsu tun daga gida, takarda kawai suke so ka sa wa hannu. Ka ce ba ka ga komi ba, su fita suna cewa madubin ya tsufa.

Kankarar fata ita ce aikin da Baba Nomau ya fi tsananta mini a kai. Wani lokaci ana so a ga abin da ke cikin ƙurji ko gyambo, sai ka kankaro kaɗan da bakin aska ka shafa a lam. Don in koya, sai ya sa ni in kankaro cikin kumatuna da ɗan katako, in rina, in duba. Abin da zan gani ƙwayoyin jiki ne, waɗanda kuke kira selil, faffaɗa, masu kusurwa, manne da juna rukuni-rukuni. Daga nan ya kafa mini doka. Ya ce, "Ƙwayar fata ba ta tafiya ita kaɗai. In ka gan su warwatse ɗai-ɗai, hannunka ne ya yi garaje, ka farfasa su. Kar ka kai wa lokotoro shirme. Wanke, sake." Na riƙe dokar nan kamar karatun sallah, kuma sau ɗari ta fisshe ni kunya.

Sai muguwar shekara ta zo. Baba Nomau ya riga ya aje aiki ya koma gida Tibiri, idanunsa sun fara hazo. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, mutane sunka shiga cin ganye, zazzaɓi ya yi yawa, kayan aikin da ake aiko mana kuma shiru. Jimsa ta rage kamar yatsa biyu a gindin kwalba. Motar ɗaukar marasa lafiya guda ce, mai kuma sai an roƙa, saboda haka ba a tura kowa Yamai sai an san sunan abin da ke damunsa. Lokotoronmu, wato likita, wata yarinya ce sabuwar fitowa, mai ƙwazo ƙwarai, amma ita kaɗai ce, rabin mako tana ƙauyuka.

A shekarar nan Inna Kulu ta kwanta. Ku ba ku san ta ba. Ita ke sayar da dambu da kopto, kwaɗon zogalen nan, a gindin dogon yaron bakin ƙofa, tun kafin in zo. Duk ma'aikacin da ya ratsa asibitin nan ya ci daga hannunta, kuma ni kullum sai ta yi mini ƙari, wai na cika rama. Da farko gishirinta ne ya ɓaci, yau ya yi yawa, gobe babu. Munka yi mata tsiya, ta ce bakinta ne ya yi miki, ba ta iya ɗanɗanawa. Bayan wata guda sai ƙuraje masu ruwa sunka fito mata a baya da ƙirji, manya, masu laushi, da an taɓa su fashe. Inda ya fashe ba ya warkewa, sai ya bar jan nama kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Zane in ya manne, da fata yake tashi. Anka yi mata allurai na kashe ƙwayar cuta, ba abin da ya sake. Lokotoro ta rubuto mini takarda: a kankaro gindin sabon ƙurji, a nemi ƙwayar cuta.

Na je da askata da lam. Na buɗe ƙurji guda, na kankaro a hankali, tana cije baki. Na busar, na rina, na juya gilashi ya kamo rana. Ƙwayar cutar a zo a gani dai babu. Amma ƙwayoyin fata ga su nan birjik, kowace ita kaɗai, kewayayyu kamar an mulmula, da ƙaton baƙin ciki a tsakiya da wani farin zobe kewaye da shi. Na ce, af, Abarshi, ka yi garaje. Na jefa lam cikin ruwan sabulu, na rubuta "ta ɓaci, a sake".

Sai an jira sabon ƙurji, don wanda ya fashe ba ya amfani. Kwana uku na koma. Abin da na gani da farko shi na sake gani, na sake wankewa. Bayan kwana uku kuma haka. Kunya ta hana ni in kira lokotoro ta leƙa, wai kar yarinya ta ce tsohon ma'aikaci bai iya kankara ba. A zuwa na uku Inna Kulu ta buɗe ido ta ce, "Ɗan madubi, kullum kana zuwa kana yanka ta. Mi ka gani?"

Na ce, "Ban ga komi ba tukuna, Inna."

Wallahi da gaskiyata na faɗa. Kwana shida ke nan, bayanta ya fara wari.

Wanta, Maidanda, ya zo daga wani ƙauye wajen Lugu, dattijo mai ƴan layu a damtse, ba mai yawan magana ba. Shi a ganinsa doguwa ce, aljanar nan, ta watsa mata ruwan zafi, kuma a gida ake sasantawa da ita. Ɗan Inna Kulu, mai shago a gari, ya ce ba mai kai uwarsa wurin bori yana raye. Sunka yi ta yi a gindin dogon yaro har mutane sunka taru. Daga ƙarshe Maidanda ya zo bakin tagar nan, ya yi sallama, ya ce mini, "Malam, ni ban zo hwaɗa ba. Kun ce ku ka gani da madubi. In ranar kasuwa ta zo ba ku hwaɗi sunan abin ba, ni kau na san sunanai, zan tahi da ƙanwata." Na san hanyar nan, na san yashi da ƙudan da ke cikinta. Mutumin da ba fata a bayansa in ya tafi, ba dawowa zai yi ba.

Ranar kasuwa da sassafe na yi kankara ta huɗu. Ban taɓa lallaɓa aska kamar ranar ba, har numfashi na riƙe. Na rina, na duba. Su ne dai, kewayayyu, warwatse. Hannuna har ya kai bakin robar wanki, sai na tsaya. Na ce, yau shekara nawa hannun nan yana aiki, sai a jikin mace guda zai lalace sau huɗu? Jimsar da ta rage ta lam guda ce. Na ɗauki katako na kankaro cikin kumatuna, kamar ranar da nake koyo, na zuba mata ɗigon ƙarshe. Nawa sunka fito faffaɗa, masu kusurwa, riƙe da juna. Hannu guda, safiya guda, kala guda. Ashe abin da nake wankewa shi ne cutar.

Na ruga na kira lokotoro. Ta duba tawa, ta duba ta Inna Kulu, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sai ta ce, "Panfigus. Tun yaushe kake ganin wannan?" Na faɗa mata gaskiya. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce a nemo direba, Yamai za a kai ta yau. Munka shiga ɗakin mata, gado wayam. Ina can ina rini Maidanda ya aza ta a amalanke.

Bari in tsaya nan in gaya muku abin da ta koya mini daga baya, don shi ne gindin maganar. Ku haɗa yatsun hannuwanku biyu, ku sarƙe su. Yauwa. Kowace ƙwayar fata tana fiddo wasu ƴan zarurruka na furotin ta jikin bangonta, sunansu kaderin. Bakin na wagga ƙwaya yana shiga wani ɗan gurbi a jikin na maƙwabciyarta, bakin na maƙwabciyar shi ma ya shigo gurbin nata, kowa ya riƙe kowa. Kuma galibi iri da irinsa ke kamawa, shi ya sa fata ke zama da fata. Riƙon guda ɗaya ba shi da ƙarfi, ko kaɗan. Amma suna jeruwa gefe da gefe da yawa, su taru wuri-wuri kamar maɓallan riga. Ta ciki kuma gindinsu na ɗaure da wasu igiyoyi da sunka ratsa ƙwayar har zuwa maɓallin da ke wancan gefe, don haka in an ja ƙwaya guda, jan yana rabuwa ga dubu. Sannan sai da kalsiyom suke miƙewa tsaye. Garin nan da ke cikin kwalbar jini mai jan-shuɗin murfi aikinsa kama kalsiyom ne, to in ya samu irin waɗannan ƙwayoyi, zarurrukan sai su yi laƙwas su saki juna. A cutar Inna Kulu kuwa, sojojin jikinta ne sunka ɓata hanya, sunka faɗa wa maɓallan. Riƙo ya kwance, ruwa ya shiga tsakani, ƙurji ya tashi. Ƙwayar da ba mai jan kusurwoyinta kuma sai ta dunƙule. Shi ya sa na gan su kewayayyu.

A ranar dai ban san duk wannan ba. Na naɗe madubi cikin tawul, na goya shi a baya kamar jariri, na sa lam biyu cikin aljihu, na hau mobilet, ɗan babur ɗina. Ban yi nisa ba na cim musu a gindin wani gawo, don Maidanda a ƙasa yake tafe yana riƙe da jaki, kar amalanke ya girgiza ta. Sai a nan na gane mutumin nan son ƙanwarsa yake, ba gardama ce ta kawo shi ba.

Na ce, "Baba, ka ce mu ke gani da madubi. Yau kai za ka gani."

Na kafa shi a gefen amalanke, na juya gilashi ya kamo rana. Da na yanzu ne mai cin wuta, da sai dai mu kalli juna. Na sa tawa lam, na nuna masa yadda zai rufe ido guda. Ya daɗe kafin ya samu hasken. Na ce wannan daga bakina ne. Na sa ta biyu, na ce wannan daga bayan ƙanwarka. Ya duba, ya ce in mayar da ta farko. Ya sake dubawa.

Ya ce, "Naka suna riƙe da juna. Nata kowa ya saki kowa."

Ni da na yi lakkol sai da na yi kwana tara, shi kallo biyu ya yi.

Ya ce, "To ai ita ta kwance su. Doguwa."

Na ce, "Baba, ni ban ga wanda ya kwance ba, na dai ga an kwance. A Yamai akwai maganin da ke hana kwancewar, amma sai in ta isa da sauran ƙarfinta."

Sai ya duƙa kusa da kanta ya ce, "Kulu, kin ji. Mi kinka ce?" Ta ce, da ƙyar, "Yaya, bari in gwada na ɗan madubi. In bai yi ba, ka san inda za ka kai ni." Ya kwance laya guda daga damtsensa ya ɗaura mata a wuyan hannu, inda fata ta rage, ya juya jaki.

Wata biyu ta yi a can. Ta dawo fuska ta yi taf saboda maganin, wanda ta ci gaba da sha har ƙarshen ranta, shekaru masu yawa bayan haka. Amma kwana taran nan sun bar mata tabo. Mikin bayan ya riga ya ruɓe kafin ta isa, ya warke a ɗaure, ba ta ƙara ɗaga taɓarya ba, sai dai a daka mata ta zauna ta kwaɗa. Ranar da ta koma gindin dogon yaro na je na tsuguna na faɗa mata duka. Ta ce, "Sau uku ka gani ka wanke?" Na ce sau uku. Ta zuba mini kopto, ta dube ni, ta ce, "To yau ba ka da ƙari." Washegari ta yi mini.

Bayan girbi na hau mota zuwa Tibiri. Na iske Baba Nomau a zaure kan buzu, ido ya tafi gaba ɗaya, amma da na yi sallama ya ce, "Abarshi, ka wanke hannunka?" Munka yi dariya, munka sha fura. Na yi ta kewaye-kewaye, don ba abu ne mai sauƙi ba ka ce wa wanda ya koya maka dokarsa tana da rami. Daga baya na kama hannuwansa biyu na sarƙe masa yatsu, na ba shi labarin maɓallan, na zare su ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Faɗa mini kamarsu."

Na ce kewayayyu, ɗai-ɗai, da ƙaton baƙin ciki.

Ya ce, "Da farin zobe kewaye."

Ban faɗi zobe ba.

Ya ce, "Na gan su. Sau biyu. Guda wani makiyayi ne, guda wata amarya daga wajen Gesheme. Na ce hannuna ne." Ya juya fuska wajen ƙofa, inda haske ke shigowa. "Ba su dawo ba. Na zaci sun warke."

Mutumin da bai taɓa barin inuwar yatsa a kan gilashi ba, ga shi zaune yana murza tafin hannunsa a gwiwa. Tausayinsa ya kama ni har na ƙi kallonsa, ko da yake ba ganina yake ba. Da na tashi tafiya ya riƙe mini riga. Ya ce, "Duk yaron da za ka koya wa, ka ba shi dokata, tana da amfani. Amma ka ce masa in ji Nomau, kafin ya wanke, ya kira wani ya leƙa."

Ga lam ta huɗun nan cikin akwati, kalar ta kusa koɗewa amma ana gani. Kai mai sabuwar riga, sauke kwalin nan daga kan madubin, ka kawo shi tagar gabas tun rana ba ta juya ba. In ka duba ka ga kamar shirme, kar ka ce mini komi. Kira na kusa da kai.